Kafin Ka Kai Bijimi Kara: Magana Kan Tafiya Waje Koyon Homiyofati

  

Maganar yau wani dattijo ne ya jawo ta. Makiyayi ne daga arewacin Dakoro. Ranar kasuwa ya sa aka rako shi har tasharmu, da wayar ɗansa a hannu. Ya roƙi kar in faɗi sunansa, kuma ba zan faɗa ba. Bayan mun gaisa ya miƙo mini wayar ya ce, "Ɗana, kai da ka yi lakwal, duba mini abin ga. Yaron ga ya hana ni barci."

Saƙo ne na WhatsApp, irin wanda ake turawa daga wannan waya zuwa waccan. Wai ana neman matasa masu aikin sa-kai, za a kai su ƙasar waje wata shida, su taimaki marasa lafiya a wata cibiya, a koya musu wani magani da ake kira homiyofati, su dawo da takardar shaida, su riƙa yi wa mutane da dabbobi magani. Kuɗin rajista da masauki jika ɗari bakwai na sefa, ban da kuɗin hanya. Yaron ya yi karatu har ya samu birbe, shekara uku ke nan yana bin shanu, zuciyarsa kuma tana ga aikin asibiti.

Dattijon ya ce, "Bijimi biyu ne, ɗana. In abin na gaskiya ne, gobe in kai su kara. In ba na gaskiya ba ne, gaya mini yadda za ni gaya mishi, kar ya ce ni na tare mishi gaba."

Na ce, Baffa, ku ba ni mako biyu. Ni ba likita ba ne, takardar aikin jarida gare ni, kuma abin da aka koya mana shi ne in ba ka sani ba ka je ka tambayo. Na yi karatu, na zauna da likitan mutane, na zauna da likitan dabbobi. Abin da na samo shi zan shimfiɗa muku yau, don na tabbata ba wayar yaron nan kaɗai saƙon ya shiga ba.

Mu fara da sunan kansa. Homiyofati, waɗanda suka yi karatun Faransanci su ce omeyofati. Da yawa in sun ji sai su ɗauka maganin gargajiya ne na Turawa, saiwa da ɓawo da ganye irin namu. Ba haka ba ne. Mai maganin gargajiya in ya ba ka saiwar itace ka jiƙa, akwai itacen a cikin ruwan, kana jin ɗacinsa a harshe. Homiyofati wata hanya ce daban, kuma an san wanda ya ƙirƙiro ta da shekarar da ya yi hakan.

Sunansa Samuel Hahnemann, likita ne Bajamushe, an haife shi a 1755, ya rasu a birnin Paris a 1843. A zamaninsa likitancin Turai abin tsoro ne. Mutum na kwance ba shi da ƙarfi, sai a tsaga masa jijiya a zubar da jini kwano guda, a ɗura masa abin da zai sa shi amai da zawo, har da sinadarai masu guba. Ƙahon wanzamanmu wasa ne a kan abin da suke yi. Hahnemann ya ga ana kashe mutane da sunan magani, ransa ya ɓaci, ya ja baya daga aikin ya koma fassara littattafai. A 1790 yana fassara wani littafin magunguna sai ya ci karo da bayanin ɓawon wani itace na Kudancin Amurka, wanda daga gare shi ake samun kinin, maganin masassara. Ya ce bari ya gwada a jikinsa, alhali lafiyarsa ƙalau. Da ya sha, ya ce ya ji alamu irin na mai masassara. Daga nan ya yanke hukunci cewa abin da ke jawo wa mai lafiya alamun wata cuta, shi ne zai warkar da mai wannan cutar. Ya wallafa ra'ayin a 1796, ya fitar da babban littafinsa a 1810.

Misali, albasa tana sa hawaye da yoyon hanci, saboda haka a wurinsu albasa maganin mura ce. Kofi yana hana barci, saboda haka shi ne maganin rashin barci. Suna amfani da gishiri, da ƙudan zuma, da dafin maciji, har da guba tsantsa.

To, za ka ce, a ba mutum guba? Nan ne ƙa'ida ta biyu ta shigo, kuma ita nake so ku saurara da kyau, don makiyayi da matar makiyayi sun fi kowa sanin abin da ruwa ke yi wa nono.

Ɗauki ɗigo ɗaya na nono, ka sa cikin ɗigo casa'in da tara na ruwa, ka girgiza da ƙarfi. Wannan surki na ɗaya. Daga cikin wannan ka ɗebi ɗigo ɗaya, ka sa cikin wani sabon ɗigo casa'in da tara na ruwa, ka girgiza. Surki na biyu. Haka za ka yi ta yi. A surki na uku, daidai yake da ka ɗiga nono ɗigo ɗaya cikin jarka biyu ta lita 25. A na biyar, ɗigo ɗaya ne cikin tankar mai goma sha biyar, irin mai ɗaukar lita 33,000, duk cike da ruwa. A na goma, ruwan ya ninka na tafkin Cadi sau da yawa. A na goma sha uku, ya fi ruwan dukan tekunan duniya in an haɗa su. Masana sinadarai sun lissafa cewa da an wuce surki na goma sha biyu, galibi ko ƙwayar zarra ɗaya ta abin da aka fara da shi ba ta rage a kwalbar ba. Amma in ka duba kwalaben homiyofati, lambar da za ka sha gani ita ce 30C, wadda ake rubutawa 30CH a na Faransa. Ma'anarta an yi surkin sau talatin. Wannan ruwan, wani lokaci da sinadarin barasa a ciki, shi ake ɗigawa a kan 'yan ƙwayoyin sukari farare masu kama da tsabar gero, a bar su su bushe, a zuba a kwalba.

Su masu wannan hanya ba su ɓoye haka ba. Cewa suke yi girgizar tana sa ruwan ya riƙe ƙarfin abin, kuma yawan surki shi ke ƙara wa magani ƙarfi. Inna, ke da ke kai nono kasuwa, in kika ce wa mai saye yawan ruwan nan shi ya ƙara wa nonon kauri, me zai ce miki?

Yanzu wani zai kira ya ce, ai ni na sha kuma na ji sauƙi. Ban ƙaryata ka ba. Likitan da na zauna da shi ya ce mini cututtuka da yawa, mura, ciwon kai, ciwon jiki na gajiya, da kansu suke wucewa. Mutum kuma ba ya neman magani sai ciwo ya kai ƙarshen tsananinsa, wato daidai lokacin da zai fara sauka. Duk abin da ka sha a ranar, shi zai samu yabo. Sannan masu homiyofati suna da wata ɗabi'a da ya kamata a yaba musu: suna zama da mara lafiya, wani lokaci awa guda, suna tambayarsa barcinsa da cinsa da damuwarsa. Kai da ka saba a duba ka cikin minti uku a miƙo maka takarda, in ka samu mai sauraronka haka dole ka fito da sanyin zuciya. Wannan sanyin gaskiya ne, yana rage raɗaɗi. Sai dai ba ya kashe ƙwayar cutar da ke cikin jini. A zamanin Hahnemann ma, wanda aka ba ruwa da sukari aka bar shi ya huta ya fi wanda aka zubar wa jini samun tashi, shi ya sa hanyar ta yi suna da wuri.

An gwada abin, kuma ba sau ɗaya ba. Yadda ake gwaji shi ne a raba marasa lafiya gida biyu, a ba waɗannan maganin, a ba waɗancan sukari zalla mai kama da shi, ba wanda ya san wanne ya sha, sannan a ƙirga waɗanda suka warke. A 2015 hukumar binciken lafiya ta ƙasar Ostireliya ta tattara gwaje-gwaje 176 a kan cututtuka 61, ta ce ba cuta ko ɗaya da aka samu tabbatacciyar hujja cewa homiyofati na maganinta. A Ingila hukumar lafiya ta gwamnati ta ba da shawara a 2017 likitocinta su daina rubuta shi. Faransa, wadda ke da ɗaya daga cikin manyan kamfanonin yin sa a duniya, da can inshorar lafiya ta gwamnati tana mayar wa mutum kashi 30 cikin ɗari na kuɗin da ya saya. Bayan hukumar lafiyarsu ta duba a 2019 ta ce hujja ba ta isa ba, aka rage zuwa kashi 15 a 2020, aka daina biya gaba ɗaya daga 1 ga Janairun 2021.

Don in yi adalci, akwai inda har yanzu yake da daraja. A Suwizalan inshora tana biya in likita ne ya rubuta. A Indiya kuwa gwamnati ta amince da shi, yana da kwalejoji da asibitoci, miliyoyin mutane suna sha, kuma tun 2014 akwai ma'aikata guda da ke kula da shi tare da magungunan gargajiyar ƙasar. Zan dawo kan Indiya, don ta shafi maganar tafiya.

Abin da ya fi damuna shi ne masassarar cizon sauro. Baturen da ya sha ƙwayar sukari don mura, asararsa kuɗi ne kawai. Mu nan cutar da ke gabanmu ba mura ba ce. Yaro ɗan shekara biyu ya kwana da zafin jiki ranar Litinin, in ba a ba shi maganin gaske ba, kafin Laraba yana iya fara suma. Ƙwayar sukarin ba ita za ta kashe shi ba, kwana biyun da aka ɓata ana jiran ta yi aiki su ne haɗarin. Kuma a ruga, inda likita ke da nisan rabin yini a kan jaki ko babur, kwana biyu ba ƙaramin abu ba ne.

A 2006, a wani bincike da BBC ta watsa, an tura wata matashiya wurin masu homiyofati goma a Ingila, ta ce musu za ta zo Afirka, me za ta sha don kariya daga masassara. Duka goman suka ba ta shawarar ƙwayoyinsu. Da labarin ya fito, babban likitan asibitin homiyofati na Landan, Peter Fisher, wanda a lokacin shi ne mai yi wa Sarauniyar Ingila irin wannan magani, ya fito ya yi tir da su, ya ce ba abin da homiyofati ke da shi na rigakafin masassara, kuma wanda ya dogara da shi yana iya mutuwa. Kun ji fa, nasu ne ya faɗa. A 2009 kuma, bayan wasu matasan likitoci da masu bincike na Ingila da Afirka sun rubuta mata wasiƙa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kar a dogara da homiyofati wajen masassarar cizon sauro, da tarin fuka, da sida, da zawon jarirai, da mura mai tsanani. Ku duba jerin nan. Ai su ne cututtukan da ke cika mana maƙabarta.

Kar wani ya ce ana ƙin abin ne don daga tsiro ya fito. Maganin masassarar da ake ba mu yau a likita, asalinsa wani tsiro ne dangin tazargade, wanda wata masaniya 'yar ƙasar Sin mai suna Tu Youyou ta ciro sinadarinsa, har aka ba ta kyautar Nobel a 2015. An gwada shi, ya ci gwajin. Kinin ma daga ɓawon itace yake.

Sai dabbobi, tunda saƙon ya ce har su. Wasu masu bincike na jami'ar Kassel a Jamus sun bi gwaje-gwaje 52 da aka yi tsakanin 1981 da 2014 a kan shanu da aladu da kaji, suka wallafa sakamakon a 2016. Wasu gwaje-gwajen sun ce an ga amfani, wasu sun ce babu, amma ba ko ɗaya da aka maimaita shi a yanayi iri ɗaya aka tabbatar. A 2017 hukumar likitocin dabbobi ta Ingila ta ce homiyofati ba ya kan ingantacciyar ƙa'idar kimiyya, kuma kar a jinkirta wa dabba maganin da aka tabbatar saboda shi. Likitan dabbobin da na tambaya dariya ya yi, ya ce mutum yana iya jin sauƙi don an rarrashe shi, amma ciwon huhu na shanu ba ya jin rarrashi.

Dattawan ruga, ku ne shaidata a nan. Kun tuna bushiya. Kakanninku sun ba ku labarin wadda ta share garkuna a shekarun 1890, wasunku kuma sun ga ta farkon shekarun 1980 da idonsu, mutum ya kwana da garke ya tashi da sanda. Me ya kore ta? Allura. Tun 1962 aka fara babban gangamin rigakafi a Nijar da Najeriya da Cadi da Kamaru, ana yi wa saniya allura a yanke mata kunne don shaida. A 2011 aka sanar cewa bushiya ta ƙare a duniya baki ɗaya. Yaran yanzu sunanta kawai suke ji. Ciwon huhu, da saifa, da harbin daji, da annobar awaki da tumaki, duk suna da allurarsu, ana yin wasu a Yamai, wasu a Vom ta jihar Filato, wasu a Garwa ta Kamaru.

To, mu zo kan tafiyar kanta.

Gaskiya ne akwai cibiyoyin homiyofati masu karɓar 'yan sa-kai a Afirka, a Gana, da Kenya, da Tanzaniya. Amma ku lura da inda hanyar ta dosa. Galibi Turawa ne ke zuwa, masu wannan sana'a da ɗalibanta, su biya kuɗin jirginsu da masaukinsu da abincinsu, su yi makonni suna duba marasa lafiya a ƙauyuka, su koma gida da ƙwarewar da za su rubuta a takardunsu. Da yawansu da kyakkyawar niyya suke zuwa, sun yi imani da abin da suke yi. Amma a wannan tsari, ɗan Afirka shi ne wanda ake koyo a jikinsa. Kuma kalmar sa-kai tana nufin ba albashi. Ɗan Bature ya biya daga ajiyarsa ya ɗauke shi a matsayin yawon buɗe ido. Kai kuwa bijimi za ka sayar, wanda ka yi shekara huɗu ko biyar kana bi, rani da damina.

A Ingila doka ba ta hana kowa kiran kansa mai homiyofati ba, ko ya yi karatu ko bai yi ba. Ke nan takarda ta zo da tambarin wata makarantar Turai ba ya nufin wata gwamnati ta tsaya mata.

Indiya ce inda karatun yake da tsari na hukuma. Can digiri ne na shekara biyar da rabi, har da shekara guda ta aiki a asibiti, kuma ba a ɗaukar mutum sai ya gama sakandare da darussan kimiyya. Akwai babbar cibiyarsu ta ƙasa a birnin Kolkata. Gwamnatin Indiya tana ba 'yan ƙasashen waje gurbin karatu a wannan fanni, kuma ta ofishin jakadancinta ake bi, akwai a Yamai, akwai a Abuja. Ba ta hannun wani mai lambar WhatsApp ba. Yanzu ku auna: ƙasar da ta fi kowa riƙe abin da daraja ta ce shekara biyar da rabi, wani kuma ya ce maka wata shida ka zama mai maganin mutum da dabba. Ko da ka je Indiyan ka gama, ra'ayina bai canza ba game da ƙwayar da ke cikin kwalba. Amma aƙalla ka san makaranta ce ta gaske.

Akwai kuma abin da ya fi asarar kuɗi muni. Kun sha ji a wannan tasha yadda ake kiran matasa zuwa wata ƙasa da sunan aiki ko horo, suna sauka a karɓe musu fasfo da waya, a tara su a gida ɗaya, a ce kowa ya kira 'yan'uwansa su turo kuɗi ko su ma su taho. Saƙon da dattijon nan ya nuna mini ba sunan gari, ba sunan unguwa, ba sunan shugaban cibiyar. Na kira lambar da kaina. Na ce a gaya mini inda makarantar take da lambar rajistarta. Aka ce in fara turo rabin kuɗi, gurbi ya kusa ƙarewa. Na sake tambaya, aka kashe waya. 'Yan kasuwa, ku kuka san sunan wannan ciniki: sayen kifi a ruwa.

Saboda haka duk wanda irin saƙon nan ya zo masa, ga abin da zan ce. A nemi cikakken sunan makarantar da garin da take, a rubuce. A ɗauki sunan a kai ofishin ma'aikatar lafiya na jiha, ko a Najeriya a tambayi hukumar da ke rajistar likitoci, a ce musu wanda ya dawo da wannan takarda, kun yarda ya duba mara lafiya? In sun ce a'a, magana ta ƙare, don wanda ya buɗe wurin magani ba izini, ranar da wani ya mutu a hannunsa jandarma ne za su zo, kuma mai cibiyar can ba zai zo belinsa ba. A nemi wanda ya taɓa zuwa ya dawo, a gan shi ido da ido, a ga abin da yake ci da takardar. In Gana ce, muna da 'yan'uwa a zango-zango na Kumasi da Accra da Tamale, a sa ɗaya ya taka ya ga ginin. Kar a ba kowa fasfo ya riƙe. Kuma in tafiya ta tabbata, ko ta mece ce, a yi allurar shawara a karɓi katinta mai ruwan ɗorawa, don Gana da Indiya duk suna nemansa.

Ku kuma fatake da masu shaguna a bakin iyaka, Alhazai da Hajiyoyi, wannan taku ce. Wata rana wani zai kawo muku katan na 'yan kwalabe, ya ce sabon magani ne daga waje, ba ya da illa, yana maganin masassara da suga da hawan jini, ribar kuma ninki biyu. Ku juya kwalbar. In kun ga lamba da harafin C ko CH ko X a gefen sunan, to shi ne. Ku nemi lambar NAFDAC in ta Najeriya ya biyo, ku kuma sani lambar rajista ba ta nufin abu yana maganin duk abin da mai talla ya lissafa. Batun ba ya da illa ma, a yi hattara. Wanda ba a surka shi sosai ba yana iya ɗauke da gubar da aka fara da ita. A 2016 da 2017 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan wasu ƙwayoyin homiyofati na haƙoran jarirai, bayan an samu sinadarin wani tsiro mai guba a cikinsu fiye da abin da aka rubuta. Mai suga da ya ajiye maganinsa ya koma wa kwalbar da ya saya a shagonka, kai ne zai gaya wa 'ya'yansa sunanka.

Ban so in bar yaron nan hannu biyu ba komai, don abin da ke ransa mai kyau ne. Yana son ya taimaki mutane, yana son ya ga duniya, kuma ba laifi a ciki. Hanyoyin suna nan, wasu ma ba sa cin ko akuya. Kowace damina ana ɗaukar matasa su bi gida-gida suna ba yara 'yan wata uku zuwa shekara biyar maganin rigakafin masassara, wata-wata, a Nijar da arewacin Najeriya. Wannan aikin sa-kai ne da ake ganin amfaninsa a ƙirga. Akwai ƙungiyar agaji ta Kuruwa Ruj da ke koyar da taimakon gaggawa. Likitocin dabbobi masu zaman kansu a karkarar Nijar suna horar da 'ya'yan makiyaya su zama mataimakansu, su riƙa allura da ba da maganin tsutsa a rugage, kuma yaron da ya tashi cikin shanu, yana jin Fulatanci da Hausa, ya iya karatu, shi suke nema. Mai son zurfi, akwai makarantun lafiya na gwamnati a Yamai da Damagaram, akwai makarantar aikin gona da kiwo ta Kollo, akwai kwalejin lafiyar dabbobi a Vom. Wanda ya samu bak kuma yake son ƙetare iyaka, akwai babbar makarantar likitocin dabbobi ta Dakar da ƙasashenmu suka haɗu suka kafa, akwai jami'o'in Sakkwato da Zariya. In za a sayar da bijimi, a sayar don takardar da ma'aikata ta sani.

Jiya dattijon ya dawo, wannan karon da yaron. Na karanta musu duk abin da kuka ji. Yaron ya yi shiru, kansa a ƙasa, ya daɗe. Sai ya ce, "Yaya, to in na je wurin likitan dabbobin, zai karɓe ni?" Na ce ban yi maka alkawari ba, amma ya ce ka zo ranar Litinin da takardar birbenka, akwai allurar awaki da za su fita yi, zai ga hannunka. Baffa bai ce komai ba, ya dai gyara rawaninsa ya tambaye ni ƙarfe nawa motar Dakoro ke tashi.

Wanda irin wannan saƙo ya shigo wayarsa, ko wanda ya taɓa yin tafiyar ya dawo, ya turo mana ko ya biyo ta tasha ranar kasuwa, za mu sa muryarsa a shiri ko da bai yarda da ni ba. Mako mai zuwa muna tare da likitan dabbobin da kansa, kan ciwon huhu da ranakun allurar bana. Ku tanadi tambayoyinku. A kwana lafiya.